Babi na Shida: Takardar Gida Don Ranar Gudu

Darasi na 1: Abin da za mu rubuta

Mu mutanen Kaduna ba sai an ba mu labarin gudu ba. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2002, mun ga na bayan zaɓen 2011 da aka sa dokar hana fita. Waɗanda ke zaune a bakin Kogin Kaduna kuwa, wajen Unguwan Rimi da Kabala, sun san yadda ruwa kan shigo ɗaki da tsakar dare in damina ta yi nisa. Allah Ya kiyaye gaba. A irin wannan rana waya kan faɗa ruwa, ko caji ya ƙare, lambobin da ke ciki su tafi da ita. Shi ya sa za mu kwafe su a takarda.

Ku ciro falle ɗaya daga tsakiyar littafinku. Da biro za ku rubuta, domin fensir yana gogewa. A sama, sunan maigida. A ƙasa da shi, sunan unguwa da titi.

Darasi na 2: Lambar waya

Nan ne kowa yake tuntuɓe, don haka kada wanda ya ji kunya. Lambar wayar hannu a Najeriya ƙwaya 11 ce, kuma da sifili take farawa. Sifilin nan ma a cikin lissafi yake, kada ku bar shi.

Kafin ku rubuta komai, ku ja gajerun layuka 11, a kasa su uku kamar haka:

_ _ _ _   _ _ _   _ _ _ _

Huɗu, uku, huɗu. Kowane layi ƙwaya ɗaya kawai zai ɗauka. In kun gama, ku ɗora yatsa ku ƙirga da baki. Kun samu 11? Madalla. Kun samu 10? Ba komai, ku sake daga fari. Ku kula sosai inda ƙwaya ɗaya ta maimaitu, kamar 333, domin a nan ido kan tsallake guda.

Akwai wata Hajiya da muka yi aji da ita. Ruwa ya tashe su cikin dare, suka sauka a wata makarantar firamare. Ta kunce bakin zanenta ta miƙa wa wani yaro takarda ya kira mata ɗanta da ke Kawo. Yaro ya yi ta bugawa, shiru. Ashe ƙwaya 10 ta rubuta. Sai washegari da yamma ɗan ya gano inda take, bayan ya zaga asibitoci.

To ku sake ƙirgawa. Huɗu, uku, huɗu. Sannan ku ɗauki waya ku buga lambar kuna kallon takarda, ku ji ko mai ita ne zai amsa. Mutum uku za ku rubuta, ɗaya ya kasance a wata unguwa mai nisa, ko ma wani gari kamar Zariya.

Makon jiya na duba littattafanku, har yanzu ina ganin 10, har da 9. Haba jama'a! Ku da ba a iya cutarku ko naira goma a Kasuwar Barci, ƙirga 11 ne zai gagare ku? Sauri kuke yi, kuma babu mai korarku. Ku ja layukan nan tukuna.

Darasi na 3: Ajiya

Ku naɗe takardar a leda tare da katin zaɓe da katin asibiti da takardar NIN, ku ɗaure bakin. Lambar NIN ma ƙwaya 11 ce, kada ku rikita ta da ta waya. Ku rataye ledar a sama kusa da ƙofa, kowa a gida ya san wurin.

Darasi na 4: Neman taimako

Lambar gaggawa 112 ce, kuma kyauta ake kiranta. Hukumar agajin gaggawa ta jiha ita ce SEMA, ta tarayya kuma NEMA. Ku rubuta su a bayan takardar.

Darasi na 5: Aikin gida

Kowa ya zo da takardarsa ranar Asabar. Zan ƙirga da kaina.