Kurakuran da aka fi yi wajen sakin fim ɗin namun daji da muhalli a intanet

Masu shirya fina-finan gaskiya a kan namun daji da muhalli da kuɗin aljihunsu sukan ƙarar da ƙarfinsu wurin ɗauka da tacewa. In an zo saki sai gaggawa, alhali wasu kurakuran wannan mataki ba sa gyaruwa.

Babbansu shi ne ɗora fim a YouTube ranar da aka gama shi. Manyan bukukuwan fina-finai irin su Sundance a Amurka da IDFA a Amsterdam suna duba inda aka taɓa nuna fim, kuma wanda duniya ta riga ta kalla kyauta yakan rasa gurbi. Gidan talabijin ma ba zai zuba kuɗi a abin da ke yawo a wayoyin mutane ba. Ka fara karanta ƙa'idojin kowane biki a shafinsa ko a FilmFreeway, shafin da ake tura fina-finai zuwa bukukuwa, har da na wannan fanni kamar Wildscreen da ake yi a Bristol ta Ingila tun 1982. Alƙalan bukukuwa kuma ka aika musu ta shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri. Sakin kyauta shi ne na ƙarshe.

Sai kiɗa. Mutum ya sayi lasisin da ya tsaya ga nunawa a bukukuwa, ya ɗora a intanet, manhajar Content ID ta YouTube ta gano kiɗan, kuɗin talla ya koma wa mai shi ko a toshe fim ɗin a wasu ƙasashe. Lasisin amfani kyauta na Creative Commons mai alamar NC kuwa bai yarda da kasuwanci ba. A nemi izini a rubuce, wanda ya ambaci intanet da duk ƙasashe.

Kuskuren da na fi ɗauka da nauyi shi ne tona wurin da dabba take. Ka ɗauki sheƙar aku a kogon bishiya, a bayanta ga wani dutse mai siffa ta daban, can gefe ga allon hanya da sunan ƙauye. Mai kallo kyau yake gani, mai kamun tsuntsaye kuwa taswira ka miƙa masa. Hotunan talla da aka ɗauka da waya ma sukan ɗauke da bayanan GPS a cikinsu. Ba banza ba shafin iNaturalist, inda mutane ke ɗora hotunan halittun da suka gani, yake ɓoye ainihin wurin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Kafin saki, a bi fim ɗin daki-daki: a dusashe alluna, a goge bayanan hotuna, a ambaci yanki a bar sunan ƙauye. Haka nan mutumin da ya ba ka labarin masu sare daji ko haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Kai ka tattara kayanka ka tafi, shi yana nan tare da su. A nuna masa ɓangarensa tukuna, in ya nemi a rufe fuskarsa a sauya muryarsa, a yi.

Ganye da ciyawa da ruwa mai gudu su ne ke fara dagulewa in an matse bidiyo da yawa. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga 1080p, 35 zuwa 45 ga 4K, kada a yi ƙasa da haka. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo kuma a ajiye ta daban a fayil ɗin rubutu na SRT. In an manna ta a jikin hoto, ƙara wani harshe sai an sake fitar da fim ɗin.

Batun kuɗi, a rage buri a kan talla. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, abin da fim guda da wuya ya kawo. Netflix kuwa ba ya karɓar fim daga wanda bai nema ba, sai ta hannun dillali ko kamfanin rarrabawa. Makarantu da ƙungiyoyin kare muhalli da ke biyan kuɗin nunawa sun fi kusa da hannu, ga kuma dandalin WaterBear da ya keɓanta da wannan fanni. Kuma in za a saki, a haɗa da ranar da ake maganar: 3 ga Maris ta namun daji, 22 ga Afrilu ta Duniya, ko 5 ga Yuni ta muhalli.

Duk wanda ya kawo yarjejeniya, a duba shekara nawa ce, ƙasashe nawa ta shafa, ko ta hana ka sayar wa wani, da kuma ko fim ɗin zai dawo hannunka idan kamfanin ya durƙushe.