Yadda za ka kwashe waƙoƙin faifan sidi zuwa kwamfuta kafin zafin Jidda ya lalata su

Satin da ya wuce na buɗe akwatin Baba na tarar da faya-fayan da alhazai suka riƙa kawo masa tsaraba daga Kano, na bege ne, na kalangu ne, biyu har sun lanƙwashe saboda an taɓa barin su a gaban mota cikin rana. Wallahi abin ya taɓa ni, don wasu na nema a YouTube ban samu ba. Shi ya sa na zauna na kwashe sauran.

Yawancin laftof na yanzu ba su da wajen sa faifai, sai ka sayi na'urar DVD mai igiyar USB a shagon kwamfuta. Kafin ka sa faifan goge shi da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, kar ka zagaya.

Toh ka fara duba abin da ke ciki. In fayil ɗin MP3 ne ai ka huta, kwafa kawai. Amma in ka ga Track01.cda, kowanne 1 KB, kar ka wahalar da kanka, waɗannan alama ce kawai ta inda waƙa ta fara, sautin ba ya ciki, mutane da yawa sun kwafa zuwa filashi sun kai mota shiru.

Buɗe Windows Media Player, a Windows 11 shi ne mai Legacy a ƙarshen sunansa. Shiga Rip settings ka zaɓi MP3, sannan ingancin sauti. In ka zaɓi ingancin 128 yana cin kusan mega 1 a minti, 320 kusan mega 2 da rabi, ni dai 320 nake sawa tunda sidi bai wuce minti 80 ba, duka faifan ba zai wuce mega 200 ba. Wanda kuma ka san ba za a sake samun irinsa ba ka ƙara yi masa FLAC, wani nau'in fayil ne kamar MP3 amma shi ba ya zubar da komai na sautin. Sai ka danna Rip CD, waƙoƙin za su sauka a foldar Music.

Faifan da ya karce yana tsalle, ka shiga Options, Devices, Properties ka kunna Use error correction, zai ɗauki lokaci amma ka yi haƙuri. In ya ƙi ka gwada manhajar Exact Audio Copy, kyauta ce, tana maimaita karanta wajen da ya karce.

Sa wa waƙoƙin suna ne aikin. Irin faya-fayan nan namu yawanci intanet ba ta san su ba, za ka ga Unknown artist kawai. Ni zama na yi kusa da Baba bayan isha'i ina kunnawa yana faɗa min mai waƙar ina rubutawa. Na ajiye kwafi a laftof, ɗaya a filashi, na tura wa ƙanwata da ke Makka nata.