Shirin Hawa Babur a Hanyoyin Karkara, Daga Hular Kwano Har Takalmi

Ɗan'uwa, in ka tara kuɗin babur, tun daga gida ka ware wani kaso na kayan da za ka sa a jikinka. Hular kwano da takalmi da safar hannu suna cikin kuɗin babur, kamar yadda taya da madubi suke ciki. Ni sana'ata sayen riɗi da zoɓo ce a kasuwannin ƙauye, Lahadi ina Gujungu, Alhamis ina Maigatari, sauran kwanakin kuma ina bin rumbunan manoma ta hanyoyin da mota ba ta shiga. A kan Boxer nake duk wannan yawon, rani da damina. Abin da ke damuna shi ne in ga saurayi ya fito da sabon babur, ya kashe kuɗi wajen fitilu masu launi da rigar kujera da oda mai kukan tirela, amma kansa a buɗe, ƙafarsa da silifas.

Mu fara da kai, don shi ne ba a yi masa ɗori. A watan Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, kuma masu shekaru za su tuna yadda wasu suka riƙa kifa ƙwarya ko robar fenti a ka don su wuce shingen jami'ai. Tun daga lokacin tunanin mutanenmu ya karkata, aka ɗauka hular ta jami'i ce, inda ba jami'i ba a buƙatarta. Shi ya sa da zarar an bar kwalta an shiga ƙauye sai ka ga an rataye ta a kan babur. Alhali burji bai fi kwalta taushi ba, kuma a ƙauye ne asibiti ya fi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage hatsarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100.

Wajen saye, kada ka tsaya kan launi. Juya ta ka leƙa ciki, ka ɗaga yadin. Dole ka tarar da farin soso mai tauri mai kauri, irin wanda ake naɗo talabijin a ciki. Shi ne ke shanye bugu, shi ne ke murƙushewa a madadin ƙwaƙwalwarka. In ƙwanson roba ne kawai da siririn yadi, ajiye musu kayansu. Hular 'yan gini mai ruwan ɗorawa ma ba ta babur ba ce, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, tana tashi daga kanka kafin ka kai ƙasa. Masu inganci sukan zo da alamar ECE a jikin igiya ko DOT a ƙeya, sai dai ana buga na jabu, don haka hannunka da idonka su ne alƙalai. Ka sa ta a kanka a gaban mai shagon, ka girgiza kai hagu da dama. In tana yawo, ta yi maka yawa. Ya kamata ta kama kumatu ba tare da ta sa maka ciwon goshi ba. Igiyar kuwa a ɗaure ta yadda yatsu biyu kawai za su shige tsakaninta da haɓa. Wanda ya ɗora hula bai ɗaure ba, da shi da wanda bai sa ba duk ɗaya ne.

Ni na fi son mai rufe haɓa, domin yawancin faɗuwar da nake gani a yashi da fuska ake zuwa ƙasa. Na san uzurin da ake kawowa, zafi. Gaskiya ne, a watan Afrilu zafin Jigawa yakan haura digiri 40, kuma baƙar hula tana dafa kai. To ka nemi fara, mai ƙofofin iska a goshi, ka riƙa cire yadin ciki kana wankewa ranar da ba ka fita. In kana ɗaukar fasinja yana ƙyamar zufar wani, siririyar hular saƙa a ƙarƙashi ta raba gardama. Hular zanna kuma ka ninke ta a jaka, in ka isa wajen ɗaurin aure ka fito da ita tsaf, ba ƙura. Gilashin gaba ya zama fari mai haske. Baƙin gilashi yana da daɗi da rana, amma magariba na yi ka zama makaho. Kada ka goge shi a bushe da hannun riga, ƙurar hunturu tana karce shi, karcen nan kuma shi ne ke watsa maka fitilar mota a ido da dare. Ruwa da ɗan sabulu sun isa.

In hularka ba ta da gilashi, sayi farin tabarau. Duk wanda ya bi hanyar fadama da yamma a damina ya san yadda ƙwari ke shiga ido, kuma rufe ido na ƙiftawa biyu ya isa ka afka rami.

Sai tufafi, kuma a nan ina roƙonka ka nutsu, don abin ya shafi iyayenmu mata. Babbar riga, jallabiya, gefen zani, dogon hijabi, duk abin da ke lilo kusa da tayar baya, sifok da sarƙa suna iya cafke shi. In suka kama hijabi, ta wuya suke jan mace, kuma kafin mai tuƙi ya ankara tana ƙasa. Wannan nauyinka ne kai mai babur, ba nata ba, don ita ba ta ganin tayar. Kafin ka sa giya ka waiwaya ka ce, "Inna, a tattaro hijabin a ɗora a cinya," ka gani da idonka an tattare. Ba rashin kunya ba ne. Kada ka yarda bakanike ya cire murfin sarƙa ya ce ƙara yake yi, a ɗaure shi dai. Kai ma in ranar Juma'a ce ka sa babbar riga, naɗe ta ka zauna a kai, ko ka ɗaure ta a kariya sai ka isa masallaci. Ka kuma nuna wa fasinja ta hagu ake hawa ake sauka, salansa tana dama. Yara da yawa a ƙauyukanmu suna ɗauke da tabon salansa a ƙwauri saboda ba wanda ya gaya musu.

Ga mai yawan tafiya, wando mai kauri irin jins da riga mai dogon hannu sun fi yadi mai santsi, wanda burji ke yagawa nan take. A 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai ana samun jaket mai kauri da sauƙi. Takalmi ya rufe yatsu da diddige, in ya haura idon sawu ya fi. Da silifas kik yakan dawo ya fasa maka ƙafa, kututturen dawa ya tsaga yatsa, in ka sa ƙafa a ƙasa kuma ta zame. Igiyar takalmi a cusa ta ciki kada ta sarƙe a giya. Safar hannu ko ta fata ce irin ta masu walda, in dai yatsu suna motsi a ciki, ta yi, domin duk mai faɗuwa tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa.

Hunturu yana da nasa shiri. Daga Disamba zuwa Janairu, wanda ya fita bayan asuba zai ji yatsunsa sun sandare har ya kasa matsa burki da sauri, kuma wannan sandarewar ita ce hatsarin, ba jin sanyin ba. Riga biyu ko uku marasa nauyi da jaket mai tare iska a sama sun fi ƙatuwar riga ɗaya, don in rana ta ɗaga kana iya ragewa. Takunkumi ko rawani a hanci saboda ƙura, amma a cusa jelar rawanin cikin riga. In hazo ya sauka, kunna fitila ko da tsakar rana ne. Riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya ba ta da tsada, ka ɗora ta a kan komai in za ka hau babban titi irin na Wudil zuwa Shuwarin, inda manyan motoci ke gudu. A damina ka sayi rigar ruwa mai riga da wando. Doguwar nan mai fukafukai iska tana cika ta, tana kuma kaiwa taya.

Yanzu hanyar kanta. Tunda gwamnatin Kano ta hana goyo a babur cikin birni a Janairun 2013, acaba ta koma ta zama sana'ar karkara sosai, kuma hanyoyinmu ba irin na birni ba ne. Babban malamin mai babur a nan shi ne yashi. In ka hango shi, rage gudu tun kafin ka shiga, ka sauko giya ta biyu, ka ja jikinka baya kaɗan, ka riƙe mai daidai ba ƙari ba ragi. Kan babur zai yi ta rawa, ka bar shi ya yi, kada ka ƙanƙame hannu. Idonka ya kasance can inda za ka fita, ba kan tayar gaba ba. Kada ka taɓa burkin gaba a cikin yashi ko tsakuwa, nan take zai kayar da kai. Amma a busasshiyar kwalta burkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, kuma ina ganin samari da yawa sun yi watsi da shi gaba ɗaya, wasu har wayar ta tsinke ba su gyara ba. Ka nemi fili ka koyi matsa su biyun tare a hankali har hannunka ya saba.

Ruwan farko bayan rani yana taso da maiƙo da ƙura a kan kwalta, santsinsa ya fi na tsakiyar damina. Laka kuwa, irin ta yankin Haɗeja da Auyo, tana cika tsakanin taya da murfinta har tayar ta daina juyawa, sai ka tsaya ka ƙwaƙule da kara. Ruwan da ya rufe hanya ba ka ganin ƙasansa, sauka ka taka da sanda, ko ka jira wani ɗan garin ya wuce ka bi sawunsa. Bayan ambaliyar 2022 mun ga wuraren da ruwa ya cinye kwalbati ya bar rami a ƙarƙashi. In ruwan yana gudu kuma ya kai gwiwa, juya. In ka haye, taka burki a hankali na ɗan lokaci don ya bushe, jiƙaƙƙen burki ba ya kamawa.

Da kaka kuma mutanenmu suna shanya a gefen titi, masara ko shinkafa ko barkono, wani lokaci da duwatsu a jere don kare shanyar. Ga amalanke da ke dawowa daga gona da magariba ba fitila ko ɗaya. Akuya in ta tsallaka, ka jira 'ya'yanta. Garken shanu kuma kada ka kutsa shi da oda, tsaya ka gaisa da makiyayi ya buɗe maka hanya. Cikin gari, musamman lokacin tashin makarantar allo da Islamiyya, ka sauko giya ta biyu ko da hanya ta yi maka fili.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lodi ya ƙaru, kowa yana son sawu ɗaya ya biya kuɗin lita. Na san wannan matsin, ni ma buhu nake ɗauka. Amma buhu ya zauna a tsakiya, kusa da bayanka, a ɗaure da roba ta kowane gefe. In nauyi ya koma can ƙarshen kariya, tayar gaba tana yin sakayau, babur ya daina jin umarni. Kada ka ɗora kaya a tanki har su hana kan babur juyawa. Mutum huɗu a babur ɗaya kuwa, burkinsa ba a yi shi don haka ba.

Kowace safiya kafin ka buga kik, ka duba iskar taya, ka matsa burki biyun, ka gwada fitilar gaba da ta baya, ka zaro ma'aunin baƙin mai. Ƙananan baburanmu suna son iska wajen 25 a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya, sai ka sa mai faci ya auna da ma'auni maimakon ya ƙwanƙwasa da yatsa. Sarƙa ta yi lilo kamar faɗin yatsu biyu. Matatar iska tana toshewa da wuri a ƙurarmu, kuma toshewarta na sa babur shan mai. A ƙarƙashin kujera ko a jaka kada a rasa fulogi, sifana, tub da ɗan famfo, don ƙayar aduwa ba ta duba ko akwai mai faci kusa. Gorar ruwa ma dole ce a bazara. In azumi ne kuma ka ji kanka yana juyawa, nemi inuwa ka huta.

In Allah Ya ƙaddara ka tarar da wanda ya faɗi, fara kare wurin kada wata mota ta ƙara masa. Kada a fizge hular daga kansa, kada a ɗaga shi zaune ko a lanƙwasa wuyansa, kada a ɗura masa ruwa in ba ya cikin hayyacinsa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. A babban titi lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122. Ƙunar salansa ruwa mai sanyi za a yi ta zuba mata na kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba. Ƙujewar burji a wanke ta sosai a fitar da ƙasa, a je a karɓi allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce kai tsaye, in ta yi tsanani akan tura Asibitin Ƙashi na Dala. Wanda kuma ya bugu a ka, ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. In ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko magana ta rikice, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a nemi mota a kai shi babban asibiti a daren, kada a ɗora shi a babur, kada a jira gari ya waye.