Yadda Ake Shawo Kan Yoyon Fitsari Bayan Tiyatar Cire Furostet

Kusan duk wanda aka cire wa furostet, wato ƙullin naman da ke ƙasan mafitsarar namiji, yana ganin ɗigar fitsari da zarar an zare masa robar fitsari, mako ɗaya zuwa biyu bayan tiyata. Dalilin shi ne tiyatar tana taɓa wuyan mafitsara, sai nauyin riƙon fitsari ya koma kan tsokar da ke ƙasanta ita kaɗai. Ita ake horarwa, kuma ba a farawa muddin robar tana jiki.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne gano tsokar. Za a ga mutum yana matse ɗuwawu da cinyoyi, ya riƙe numfashi har fuskarsa ta sauya, ya yi wata biyu a haka, sannan ya ce atisayen ba shi da amfani. Ka tsaya gaban madubi ba tare da wando ba, ka ɗora tafin hannu a kan mararka, ka matse kamar mai hana tusa fita a cikin jama'a. Idan ka dace, gindin azzakari zai ɗan ja ciki, maraina su ɗan ɗaga, ciki kuwa ba zai kumburo ba. Idan ba ka iya ƙirga ɗaya zuwa biyar da babbar murya yayin matsewar, to numfashi kake riƙewa, sai ka sake. Katse fitsari yana cikin zuba gwaji ne na sau ɗaya, kada ya zama ɗabi'a.

Ka fara a kwance, ka matse tsokar daƙiƙa 5, ka saki daƙiƙa 5, sau 10, safe da rana da dare. Sakin yana da muhimmanci daidai da matsewar, domin tsokar da ta gaji ta fi zubarwa da yamma. Daga nan sai a zaune, sai a tsaye. Abin da na fi dagewa a kai shi ne ka matse kafin tari, kafin ɗaukar kaya, da kafin miƙewa daga sujada.

Kada ka rage shan ruwa don tsoron jiƙa wando, domin fitsari mai kauri yana ƙara tayar da mafitsara. Goro da shayi da kofi ne za ka rage, sannan ka guji taurin bayan gida. Famfas na manya yana da tsada, saboda haka ƙaramin kunzugu ya wadatar da rana idan ɗigar ba ta da yawa, a riƙa sauya shi kafin fata ta saɓule.

Mafi yawan mutane suna samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 12. Zazzaɓi, jini ko zafin fitsari na buƙatar komawa asibiti nan take. Wanda ya shekara yana yoyo kuwa ya tambayi likitan mafitsara batun tiyatar da ake sanya majanyi ko makulli na roba a hanyar fitsari.