Darasi na Bakwai: Yadda Ake Shigo da Laburaren Waje Cikin Harshen Haskell

A darussan da suka gabata kun yi amfani da ayyuka irin su map da filter da length ba tare da kun nemo su daga ko'ina ba. Dalili kuwa shi ne, harshen Haskell, wanda aka fitar da bayaninsa na farko a 1990 aka kuma sa masa sunan masanin lissafi Haskell Curry, yana buɗe wa kowane fayil wani sashe mai suna Prelude tun kafin a rubuta komai. Sai dai abin da ke cikin Prelude kaɗan ne, kuma duk wanda zai rubuta manhaja mai amfani, dole wata rana ya buƙaci aikin da wasu suka riga suka rubuta suka gwada. Tarin irin waɗannan ayyuka shi ake kira laburare.

Kafin mu taɓa kwamfuta, akwai abu biyu da ya wajaba a rarrabe, domin a nan ne yawancin masu koyo suke yin tuntuɓe. Na farko shi ne ƙunshi, wato abin da ake saukowa daga intanet gaba ɗayansa, mai suna da lambar fitowa, kamar containers ko random. Na biyu shi ne sashe, wato yanki guda a cikin ƙunshin, wanda sunansa yake farawa da babban baƙi, kamar Data.Map ko System.Random. Ƙunshi ɗaya yana iya ɗauke da sassa masu yawa. Saboda haka aikin mataki biyu ne: a fara sanar da manhaja cewa tana dogara da ƙunshi kaza, sannan a shigo da sashen da ake so cikin fayil. Wanda ya yi na biyu ya bar na farko, aikinsa ba zai tashi ba ko da rubutunsa babu kuskure ko ɗaya.

Matakin farko

Ƙunsoshin Haskell suna ajiye a wani rumbu na intanet mai suna Hackage, kuma manhajar Cabal ce take ɗauko su. Ku buɗe tagar umarni a cikin sabuwar jaka, ku rubuta cabal update domin a sauko da jerin abin da ke rumbun, sannan ku rubuta cabal init. Za ku ga an samar da fayil wanda sunansa ya ƙare da .cabal, a cikinsa kuma akwai layin da ya fara da build-depends, ɗauke da ƙunshin base kaɗai, wanda Prelude yake ciki. Ku sa waƙafi bayan abin da ke layin, ku ƙara sunan containers, ku adana fayil ɗin. Idan kuka rubuta cabal build, Cabal zai nemo ƙunshin tare da duk wasu ƙunsoshin da shi ma ya dogara da su, ya miƙa wa GHC, wato manhajar da take juya rubutunku zuwa abin da na'ura take ganewa.

Mataki na biyu

Layukan shigowa suna zama ne a saman fayil, bayan layin sunan sashe idan akwai shi, kuma kafin aikin farko da kuka rubuta. Hanya mafi sauƙi ita ce:

import Data.Char

Wannan layi ya kwaso duk abin da ke cikin sashen, har da toUpper da yake mayar da ƙaramin baƙi babba. Idan kuwa abu ɗaya ko biyu kuke buƙata, ya fi kyau ku ambace su da suna:

import Data.List (sort, nub)

A ganina wannan ita ce ɗabi'ar da ya kamata mai koyo ya saba da ita tun yanzu, domin wanda zai karanta aikinku bayan wata shida, wataƙila ma ku ne da kanku, zai duba sama ya san daga inda kowane suna ya fito ba tare da ya sha wahalar bincike ba.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Sashen Data.Map, wanda yake cikin ƙunshin containers, yana ajiye bayanai biyu-biyu, mabuɗi da abin da mabuɗin yake nunawa, kuma yana da nasa ayyuka masu suna filter da lookup da map, daidai da sunayen da ke cikin Prelude. Idan kuka shigo da shi kai tsaye sannan kuka kira filter, GHC zai tsaya ya rubuta "Ambiguous occurrence", ma'ana ya ga masu suna ɗaya har biyu, kuma ba zai yi muku zaɓi ba. Maganin shi ne a ba sashen laƙabi:

import qualified Data.Map as Map

Daga nan, filter shi kaɗai na Prelude ne, Map.filter kuma na baƙon sashen ne. Ku gwada wannan layi a ƙarƙashinsa, wanda yake ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito:

main = print (Map.toList (Map.fromListWith (+) [(k, 1) | k <- words "rana wata rana"]))

Da kun rubuta cabal run, allon zai nuna [("rana",2),("wata",1)]. Ku lura cewa words bai buƙaci laƙabi ba, domin shi ɗan gida ne. Ana kuma iya ɓoye suna guda da kalmar hiding, kamar a import Prelude hiding (lookup), amma wannan ba kasafai za ku buƙace shi ba a yanzu.

Idan aiki ya ƙi tashi

Kada saƙon kuskure ya razana ku don yana da tsawo kuma da Turanci yake. 'Yan layukan farko sukan isa. Idan kuka ga "hidden package", to ƙunshin yana cikin kwamfutarku amma ba ku rubuta shi a build-depends ba. Wannan yakan faru da containers musamman, saboda yana zuwa tare da GHC, har mutum ya gwada shi a GHCi, wato tagar GHC da ake gwada rubutu kai tsaye, ya yi aiki, sannan ya yi mamakin ganin Cabal ya ƙi karɓa. Idan kuwa "Could not find module" kuka gani, ko dai ƙunshin bai sauka ba sam, kamar yadda System.Random yake buƙatar a ƙara random, ko kuma an yi kuskuren baƙi, misali an rubuta Data.Mapp maimakon Data.Map.

Aikin gwaji

Ku cire containers daga build-depends da gangan, ku sake rubuta cabal build, ku kwafe 'yan layukan farko na saƙon kuskuren a littafinku da hannu, sannan ku mayar da ƙunshin wurinsa. Bayan haka ku rubuta cabal repl domin buɗe GHCi, ku shigo da Data.Char, ku yi amfani da umarnin :browse Data.Char domin ganin jerin ayyukan da ke cikinsa, ku zaɓi guda uku ku duba nau'in kowanne da umarnin :type, ku zo da abin da kuka samu a zama na gaba.