Daga Sawakin zuwa arewa: kurakuran da ke ɗora jirgi kan murjani

Sawakin ba baƙon suna ba ne a wurin Bahaushe, domin ta nan alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa suke tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Daga wannan tsohuwar tasha kuma masu ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska suke kama hanyar arewa zuwa Masar, suna kwana a lungunan da Larabawa ke kira marsa, wato inda teku ta kutsa cikin hamada ta bar ruwa kwance, ba igiya ba hayaniya. Wurare ne masu kyau ƙwarai, irin su Khor Shinab da yankin Dungonab, amma bakin kowannensu murjani ne ya tsare shi, wato halittar nan mai tauri kamar dutse da ke girma a cikin teku, kuma murjani yana fasa cikin jirgi cikin ƙiftawar ido.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne a tsara tafiyar yini da nisa, a manta da rana. Gaɓar Sudan gabas take kallo, don haka mai shiga marsa yamma ya dosa. Idan ya iso bayan la'asar, rana na cikin idonsa, fuskar ruwa ta zama kamar faranti mai ƙyalli, ba ya ganin komai a ƙarƙashi. Alhali da hantsi zuwa azahar, ruwan da kansa yake faɗa maka abin da ke ciki: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne mara zurfi, launin ruwan ƙasa kuwa dutsen murjani ne dab da sama. Gyaran shi ne a fara lissafi daga ƙarshe. Ka tsayar da cewa anka, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa ya riƙe jirgi, za ta sauka kafin ƙarfe 2 na rana, sannan ka ƙirgo baya ka ga ƙarfe nawa za ka tashi. In lissafin bai yi ba, ka zaɓi marsa mafi kusa. Ka kuma sa mutum a goshin jirgi, ko ya hau sandar jirgin, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ku yi yarjejeniya kan alamun hannu tun kafin ku matso, don iska tana cinye murya.

Fita ma da nata tarkon, tunda da sassafe gabas za ka fuskanta, rana ta sake shiga ido. Shi ya sa ake ajiye sawun shigowa a na'urar GPS, a bi shi a hankali wajen fita.

Wannan ya kawo mu ga masu miƙa wa allon taswira dukkan amanarsu. Na'urar ta san inda kake, amma taswirar da ke cikinta a wurare da yawa daga tsofaffin awo aka kwafo ta, sai ka ga allo ya nuna jirginka a kan tudu alhali kana tsakiyar mashiga. Sawun da kai ka bi jiya abin dogaro ne, zanen taswira kuwa sai ido ya gaskata shi.

Sai iska. Daga wajen Port Sudan zuwa Suez, iskar arewa ce ke mulki galibin shekara, kuma takan ƙara ƙarfi idan rana ta ɗaga. Mai gaggawa yakan fita ya yi ta karo da igiyar ruwa, ya ƙona mai, ya gajiyar da mutanensa, ya iso a makare, ga shi ya faɗa kuskuren farko. Sauri ya haifi nawa ke nan. Zaman kwana 3 ko 4 a marsa ana jiran iska ta lafa yana cikin tafiyar, don haka a ɗauki ruwan sha da abinci da mai da wannan lissafin, domin yawancin wuraren nan ba kanti ba rijiya.

Wajen jefa anka kuma, mutane kan yi rowar sarƙa. A ƙalla ninki 5 na zurfin ruwa ake saki, a haɗa da tsayin goshin jirgi daga ruwa. In iska ta tsananta a kai ninki 7. A nemi filin yashi a sauke anka, a ja da baya da inji a hankali har ta kama, sannan a saita wani dutse da wani tudu a gani ko jirgi na ja. Jefa ta kan murjani asara biyu ce: sarƙa ta naɗe ta ƙi fitowa, kuma an karya halittar da ta yi shekaru aru-aru tana girma. Sanganeb, wani tsibirin murjani a tekun Sudan, da Dungonab sun shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016 saboda wannan murjanin.

Tun watan Afrilun 2023 Sudan na cikin yaƙi, saboda haka kafin a ɗaga anka a bincika halin tsaro, a kammala takardun izini a tasha, kuma kada a sauka tudu kusa da sansanin soja ba tare da an nemi izini ba.