Yadda Za Ka Yi Lissafi a Kan Hoton Tauraron Ɗan'adam Ba Tare da Kwamfuta Ta Cushe Ba

Fage ɗaya na hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, wanda kowane ɗigonsa ke wakiltar faɗin mita 10 a ƙasa, yana da ɗigo 10,980 a tsaye da 10,980 a kwance, wato fiye da ɗigo miliyan 120. A nau'in ajiye lamba na UInt16 kowane ɗigo bayit 2 yake ci, kimanin megabayit 240 ke nan. Ka mayar da shi Float64 mai cin bayit 8, sai ya kusa gigabayit guda. Buɗe irinsa huɗu a ƙaramar kwamfuta, za ta tsaya cak.

Da farko, kafin ka loda komai, tambayi fayil ɗin da gdalinfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil ɗin hoto. Zai faɗa maka nau'in bayanan da kuma lambar da aka ware wa gurbin da babu bayani. A taswirar tudu ta SRTM, lambar nan ita ce -32768. Idan ba ka cire ta ba, matsakaicin da za ka samu ƙarya ne.

Na biyu, kada ka karanta hoton gaba ɗaya. A rasterio, manhajar Python ta karanta irin waɗannan hotuna, akwai block_windows, wanda ke ba ka shi gutsure-gutsure. Karanta gutsure ɗaya, cire guraben banza, ƙara jimla da yawan ɗigo, sannan ka wuce na gaba.

Sai dai a nan ne mutane suka fi yin asara. Hoton ya zauna a ƙaramin nau'i, amma inda kake tara jimla ya zama Float64, domin Float32 mai cin bayit 4 ba ya riƙe cikakkiyar lamba daidai idan ta haura 16,777,216. Haka nan wajen lissafin NDVI don auna koren gonaki: UInt16 bai san lamba ƙasa da sifili ba. Cire 800 daga 500 a wannan nau'in a NumPy, manhajar lissafi ta Python, zai ba ka 65,236 maimakon -300, kuma ko uffan ba zai ce ba. Saboda haka mayar da gutsuren B8 da B4, wato sassan hoton biyu da ake lissafin NDVI da su, zuwa Float32 kafin ka debe.

Lambar tsakiya kuwa, wato wadda ke tsakiya idan an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, ba ta haɗuwa daga gutsure-gutsure kamar jimla. Dabarar ita ce ka ƙirga sau nawa kowace lamba ta fito, ta amfani da bincount na NumPy. UInt16 lambobi 65,536 kacal yake da su, don haka teburin ƙirgar kimanin rabin megabayit ne kawai. Ka riƙa tara shi a kowane gutsure, daga ƙarshe ka bi shi daga ƙasa har inda ƙirgar ta kai rabin yawan ɗigon.